Ramin da Aka Haƙa Sau Biyu

Duk wanda ya daɗe a Gaya ya san Malam Sama'ila mai haƙar kabari. Shekara talatin da 'yan kai diga da felu da makarar unguwarmu suna zaurensa, kuma bai taɓa karɓar ladan aikin a hannun ɗan Adam ba. Da fadamarsa ta shinkafa a hanyar Tanda yake ci da iyali. Idan ya haƙa rami, liman ba ya leƙawa ya duba alƙibla, domin ya san hannun da ya yi aikin. Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Ba zan ɓoye aibinsa don ƙasa ta rufe masa ido ba, shi da kansa ya ce duk mai ba da labarin nan ya fara da aibin.

Aibinsa tambaya ɗaya ce. Ko me aka zo nema wurinsa, taimako ne, aro ne, ko ceto, kafin ya motsa sai ya ce, "Namu ne?" Idan aka ce namu ne, wato Musulmi, zai ajiye lomar da ke hannunsa ya tashi. Idan aka ce ba namu ba ne, sai ya ci gaba da cin tuwonsa. A ganinsa alheri kamar gado ne, yana da masu shi, bare ba ya ciki. Kuma alfahari yake da wannan hali, yana kiransa kishin addini.

Wata rana da hantsi, cikin bazara, taubashinsa Baƙo ya yi sallama a zaure. Baƙo yana cikin shugabannin tashar manyan motoci, kuma tun suna yara ba ya kiran Malam da sunansa.

"Sarkin Rami, tashi ka ba ni makara da diga. Wani direba ya faɗi a tasha, rai ya yi halinsa. Sati biyu yana jiran takardun duwan, na kwastan, ba wanda ya san yana fama da ciwo."

Malam ya fara laluben takalminsa. "Inna lillahi. Namu ne?"

"Mutumin Togo ne. Akwai ɗan gicciye a wuyansa."

Malam ya mayar da ƙafarsa kan tabarma. "To, ku nemi mutanensa."

"Waɗanne mutane? Ba wanda ya san shi. Ban ce ka yi masa salla ba, ban ce ka wanke shi ba. Aron ƙarfe na ce, a rufe bawan Allah kafin rana ta taɓa shi."

"Makarar da ta ɗauki alhazai da mahaddata? Baƙo, ka ji tsoron Allah."

"Kai ne za ka ji tsoronsa, mai kan ƙwarya. Wa ya halicci mutumin nan, in ba wanda ya halicce ka ba?"

"Tafi ka yi wa ƙartin tasha wa'azi," in ji Malam. "Digata ba ta fita."

Ba ta fita ba kuwa. Gawar ta yini a ƙarƙashin mota an lulluɓe ta da buhu. Sai da la'asar aka ɗora ta a amalanken jaki, aka kai bayan gari, aka tona ɗan rami da fartanya aka tura ƙasa. Malam ya ji labari, ya tafi masallaci ya tsaya a sahun farko kamar kullum.

Malam yana da ɗa namiji guda ɗaya, yayana Hasan, direban kamyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Kwatano. Hasan bai ɗauko halin ubansa ba. Idan ya dawo daga tafiya bakinsa cike yake da sunayen abokai, wannan Bayarabe, wancan mutumin kudu, wata tsohuwa mai sayar da doya da ke kiransa ɗanta. Malam yakan ce masa, "Kai dai kwanon kowa naka ne." Hasan ya yi dariya ya ce, "Baba, idan taya ta fashe a daji ba na tambayar mai jak ko ya yi alwala."

Shekarar da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, rufewar ta tarar da Hasan da motarsa a ƙetaren kogi. Sai ya ci gaba da ɗauko kaya daga Kwatano yana saukewa a Malanbil, jiragen ruwa suna haye da su. Wata ranar Laraba, bayan azahar, salular Malam ta yi ƙara. Wakilin mai motar ne daga Kwatano. Maganarsa gajera ce. Jiya motar ta faɗi a wani ƙauye kudu da Faraku, Hasan ya cika nan take, kuma mutanen ƙauyen sun riga sun binne shi.

Malam ya yi salati sau uku. Sannan ya tambaya, "Su wane ne mutanen ƙauyen?"

"Kiristoci ne, Malam. Ko masallaci babu a garin."

Mutuwar ta doke shi, amma wannan kalma ta fi dukansa. Ya yarda da ƙaddara, kowa da ranarsa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne, shi da ya suturta ɗaruruwan mutane, ɗansa tilo yana kwance babu wanka, babu likkafani, babu salla, wataƙila cikin akwati da wandon aikinsa, fuska tana kallon inda ta ga dama. Ya shiga ɗaki ya ɗauko farin yadin da ya ajiye wa kansa. Ya ɗaure diga da felu cikin buhu. Ya ce wa mahaifiyarmu, "Zan tono shi. In ba a bar ni na kawo shi gida ba, zan kai shi makabartar Musulmi a Faraku in yi masa abin da ya kamata."

Baƙo ya ce ba zai bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Da safe suka shiga jirgi suka haye kogi, suka hau mota a Malanbil. Hanya ta miƙe, Kandi ta wuce, ƙasa ta fara yin ja, itatuwa suna ƙara tsawo. Malam bai ci komai ba sai goro. Can wajen Faraku ya juya ya dubi taubashinsa.

"Baƙo, mutumin nan na Togo. Ramin ya kai gwiwa?"

Baƙo ya ce, "Bai kai ba."

"Karnuka fa?"

"Sarkin Rami, bar wannan magana."

Malam ya mayar da idonsa kan hanya. Yanzu ya gane abin da ke cin ransa tun jiya. Ba komai yake tsoro ba illa a ce a ƙauyen nan akwai wani mutum mai irin halinsa.

Suka kwana a Faraku, suka isa ƙauyen ranar Juma'a da hantsi. Tun daga nesa suka hango motar kwance a gefenta cikin itatuwa, ƙasa da wata gangara. A bakin kwalta akwai rumfunan kasuwa, mata suna sayar da gari da doya da manja. Da suka ga dattawa biyu da manyan riguna da buhu, sai kasuwar ta yi tsit. Wata mata ta ruga cikin gari. Jim kaɗan ta dawo da wani tsoho siriri mai furfura, tafin hannayensa duka biyu ɗaure da tsumma.

Tsohon ya gaishe su da Dendanci, domin ya yi shekaru yana dako a tashar jirgin ƙasa ta Faraku. Ya ce sunansa Selestan, shi ke ja wa mutanen garin addu'a idan limaminsu bai zo ba. Ya dubi Malam ya ce, "Kai ne uban. Goshinku ɗaya."

Malam bai miƙa masa hannu ba. "Ina kuka sa shi?"

"Ku sha ruwa tukuna."

"Ina kuka sa shi?"

Selestan bai yi fushi ba. Ya wuce gaba suka bi shi. A hanya yana ba Baƙo labari, Malam yana ji. Ranar Talata kasuwa ta cika har kan kwalta. Motar ta gangaro, birki ya ƙi. Sun ji direban yana ta danna oda, ya leƙo da kansa yana ihu. Da ya ga mutane ba za su watse a kan lokaci ba, sai ya karya kan motar ya bar hanya, ya nufi itatuwa. Yana da damar ya buɗe ƙofa ya diro, bai diro ba, domin da ya saki sitiyari motar cikin rumfuna za ta shiga. Ko kaza bai taka ba.

Baƙo ya share ido da hannun riga. "Ɗan halak," ya ce. "Ka ji ɗanka, Sama'ila?" Ranar ce kaɗai ya kira shi da sunansa.

Suka wuce majami'a, suka wuce makabartar garin mai gicciye-gicciye. Malam yana jira a tsaya a nan, ba a tsaya ba. Selestan ya kai su wani fili a gefe, ƙarƙashin itatuwan kaju, an share shi tas. Ya nuna wani sabon tudu da aka kewaye da duwatsu.

Malam ya ajiye buhunsa. Kafin zuciyarsa ta yi magana, idonsa na mai sana'a ya riga ya fara aiki. Ya dubi rana, ya dubi inuwarsa, ya dubi tudun. Kabarin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ya ɗan karkata daidai yadda shi kansa yake karkatar da nasa. Ya zagaya shi. Ya auna tsawon da ƙafa. Ya durƙusa ya ɗauki ɓarɓashin ƙasar ya murza, bai murzu ba. Marmara ce, jar ƙasa mai tauri kamar dutse, irin wadda diga ke tsalle a kanta tana tartsatsi.

Sai ya lura da wani abu. Taku uku daga kabarin akwai wani wuri da aka tona aka mayar da ƙasa, shi ma sabo, faffaɗa, amma ya gitta, daga gabas zuwa yamma.

"Wannan na wane ne? Akwai wani a motar?"

"Babu kowa a ciki," in ji Selestan. "Shi muka fara haƙawa."

"Ban gane ba."

"Da jandarmomi suka gama rubuce-rubucensu suka ce a binne, mun ga carbi a aljihunsa, muka san Musulmi ne. Na tura babur garin gaba a ɗauko Zakari mahauci, shi ne Musulmin da muka sani. Kafin ya iso muka ce bari mu rage aiki. Muka haƙa irin namu, mai faɗin akwati. Tun rana tana tsaka har ta karkata, mun kai ƙirji. Zakari yana zuwa ya kama kai, ya ce ba haka ake yi ba, fuskarsa ba za ta dubi inda kuke duba ba. Samari suka ce ai mamaci bai san gabas ba. Na ce musu shi bai sani ba, amma ubansa ya sani. Muka mayar da ƙasa, Zakari ya ja mana layi da sanda, muka sake."

Malam ya dubi wurin da aka cike. Ya dubi marmarar da ke hannunsa. Sannan ya dubi tsumman da ke tafin tsohon. A duk Gaya babu wanda ya fi shi sanin abin da rami ɗaya ke ci a jikin mutum a irin wannan ƙasa, balle biyu, a yini guda, saboda baƙon da ba su san sunan garinsu ba.

Ana cikin haka babur ya tsaya. Wani ƙaƙƙarfan mutum ya sauko yana warin hayaƙi da ƙuli, ya durƙusa ya yi ta'aziyya da Hausa. Zakari ne, mutumin Dogon Dutsi, shekara ashirin yana tukuba a ƙasar. Malam bai bari ya huta ba, ya shiga yi masa tambayoyi kamar alƙali.

"Wa ya wanke shi?"

"Ni, Baba, da ƙanena. Da dama muka fara. Matan garin suka ɗebo ruwa, suka kawo sabbin ƙore, suka koma nesa suka juya baya."

"Likkafani?"

"Farin yadi sabo, allura ba ta taɓa shi ba. Na matar tsohon nan ne, ta saya don bikinsu na majami'a. Na ce a bari in je gari in sayo, ta ce rana ba za ta jira ni ba."

"An yi 'ya a cikin ramin?"

"An yi, daidai kafaɗarsa. A kan damansa yake. Muka jera itace, muka sa ganye, muka toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa."

"Salla fa?"

"Mu biyar, kabbara huɗu. Su kuma duk garin suna tsaye a bayanmu, maza sun cire huluna, ba wanda ya yi tari."

Malam ya nemi abin da zai kama ya ce an yi kuskure, bai samu ba. Sai tsohon halinsa ya yi yunƙurin ƙarshe. Ya juya ga Selestan ya ce, "Na gane. Don ya ceci matanku da 'ya'yanku kuka yi masa haka. Biyan alheri ne."

Selestan ya girgiza kai. Ya nuna can ƙarshen filin, inda wasu tsofaffin tuddai uku suke cikin ciyawar da aka nome. "Gangaren nan ya daɗe yana kawo mana baƙi. Na farko ba mu san addininsa ba har yau. Na tsakiya a buge yake, ya rushe mana rumfa huɗu, ya kashe akuyar matata, har yanzu in ta tuna sai ta yi tsaki. Shi ma mun wanke masa jini mun rufe shi. Ɗanka mun gode masa, kuma za mu gaya wa jikokinmu. Amma ramin ba na godiya ba ne. Ko bai ceci kowa ba zai samu."

"Saboda me?"

"Saboda wata ta yi naƙudarsa," in ji tsohon. Ya ɗan yi murmushi. "Ni fa a nawa tunanin, rahamar Allah ta fi mu yawa. Ina jin a ƙarshe ba wanda za a bari a waje, mu da ku da wancan mashayin."

Malam ya ɗaga kai. "A nan ban bi ka ba. Ni ina kan abin da aka karantar da ni, kuma a kansa zan mutu."

Selestan ya yi dariya har da tafa ɗaurarrun hannayensa, ya yamutsa fuska don zafi. "Limaminmu ma bai bi ni ba, kullum sai ya ja mini kunne. To, mu bar wa Mai lahira lahirarsa, ba ni aka ba mabuɗi ba, ba kai aka ba ba. Amma abin da ke bisa ƙasa, wannan an bar mana."

Malam ya koma wajen ɗansa. Ya zauna a gefen kabarin, ya ɗora tafinsa a kan tudun, wajen kai. Ya daɗe a haka. Baƙo da ya san abin da ya kawo su ya matso a hankali, ya taɓa buhun da ƙafa.

"Sarkin Rami, rana tana yi. In za mu fara, mu fara."

"Mu fara me?"

"Abin da ka ɗauko diga dominsa."

Malam ya girgiza kai. Hawayen da ya riƙe tun daga Gaya suka zubo cikin gemunsa, bai share ba. "Shekara talatin ina wannan aiki," ya ce. "Ko ni na haƙa, iyakar abin da zan yi ke nan. Kuma ni ban taɓa haƙa wa kowa sau biyu ba." Ya tashi, ya kama hannayen Selestan duka biyu, a hankali saboda ciwon, ya riƙe. "Ɗana ba ya tashi daga nan. Yana cikin mutane."

Haka ya dawo mana, ba gawa, ba ƙura a digarsa. Mahaifiyarmu ta tare shi a bakin zaure tana tambaya da ido. Ya ce mata, "Kwantar da ranki. Ɗanki ya mutu mutuwar maza, kuma an suturta shi suturar da ni ma nake roƙo." Ya rayu shekara ɗaya da wata bakwai bayan haka. Bai rage salla ko ɗaya ba, bai sassauta aƙidarsa ba, amma duk wanda ya yi sallama a zaurensa da buƙata, kafin ya gama bayani Malam ya riga ya sa takalmi. Na rasa wa, na rasa uba, kuma ina ɗaga kai idan an ambaci kowannensu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mutunci ba gadon wata ƙabila ko wani addini ba ne, Allah ya raba shi ga duk wanda ya halitta. Wani malamin lekol, makarantar boko, ya taɓa gaya mini cewa masu ilimi suna da doguwar kalma a kan haka, kuma sun kasu: wasu na nufin kowa zai tsira a lahira, wasu na nufin Ubangiji ɗaya ne ga kowa, wasu kuma na nufin abin da yake daidai daidai ne a kan kowa. Ni karatuna bai yi nisa ba. Ta lahira na bar wa malamai da Mai hukunci. Amma ta ƙarshen na gan ta a gidanmu. Ba sai ka bar addininka ba kafin ka ga mutum a matsayin mutum. Riƙe naka da kyau, sannan ka sani yunwa da ciwo da tsiraicin gawa ba su da ƙabila. Mai yunwa a ba shi, wanda ya faɗi a ɗaga shi, wanda ya mutu a rufe shi. Kowannenmu yana da wani nasa a kan hanya, kuma wata rana a hannun baƙi zai faɗi.